Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Laccocin Intanet da Darasin Zaure

Jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawa na ƙungiyar ɗalibai a Wudil



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne neman ilmi daga gida ta hanyar laccocin da manyan jami'o'in duniya ke zubawa kyauta a intanet. Mun sani a cikin wannan ɗaki akwai waɗanda suka fi mu shekaru da sani nesa ba kusa ba, saboda haka abin da za mu faɗa tunatarwa ce daga ƙanne zuwa ga yayye, kuma daga ɗalibai zuwa ga 'yan'uwansu. Maganarmu a taƙaice ita ce, ƙofar ilmi ta buɗe fiye da yadda ta taɓa buɗewa a kowane zamani, amma mafi yawan masu shigarta ba sa kai karatun da suka ɗauko ƙarshe, alhali kuwa maganin wannan ciwo yana nan cikin zaurukan garuruwanmu tun kaka da kakanni.

Bari mu fara da abin da ya sa maganar ta shafe mu. Wudil gari ne da Allah ya tara wa masu karatu. Ga jami'ar kimiyya da fasaha wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, ga Makarantar Horar da 'Yan Sanda, ga makarantun sakandare da na firamare, ga sakatariyar ƙaramar hukuma da asibiti cike da matasan ma'aikata. Duk da haka akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin 'yan boko, watau ranar da aka miƙa wa mutum takardar shaida, ranar yake rufe littafi. Daga nan ba ya sake buɗe shi sai jarrabawar ƙarin girma ta ƙarato, ya yi hadda ta mako biyu, ya rubuta, ya manta. Ilmi kuwa ba ya jiran kowa. Abin da aka koya wa injiniya ko akawu ko malamin asibiti a aji, cikin 'yan shekaru wani sashe nasa ya tsufa. Wanda ya tsaya a inda digiri ya ajiye shi, zai wayi gari yana riƙe da muƙami ba ya riƙe da aikin, kuma talakan da ke jira a bakin ofishinsa shi zai sha wahalar.

Karatu daga gida ba baƙo ba ne a ƙasar nan

Jama'a, kada sunan intanet ya ruɗe mu har mu zaci koyo daga gida sabon abu ne da Turawa suka ƙago jiya. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru domin matan karkara da ba su da halin barin gidajensu su je gaban malami. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ta koya mata darasi cikin waƙa, ita kuma jajin ta koma ƙauyensu ta koyar da sauran mata. Da haka karatu ya riƙa tafiya da ƙafa yana samun mace a tsakar gidanta.

Da boko ya zo, gidan waya ya ɗauki wannan aiki. Tun 1858 Jami'ar Landan ta yarda mutum ya zauna jarrabawar digirinta ba tare da ya zauna a ajinta ba, kuma makarantun koyarwa ta wasiƙa irin su Wolsey Hall da Rapid Results College suka riƙa aiko da darussa cikin ambulan. Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar Naira 10, ta wannan hanya ya sami digirinsa na Jami'ar Landan yana malamin makaranta. Haka ma Obafemi Awolowo ya sami digirin kasuwanci a 1944 kafin ya tafi Ingila karatun lauya. Dubban malaman makaranta da akawuna sun bi wannan sahu, suna karatu da fitilar kwai bayan sun tashi daga aiki, suna aika amsa su jira makonni kafin gyara ya dawo.

A nan Arewa, a farkon shekarun 1950 gwamnati ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, hukumar NORLA da ke Zariya tana buga musu ƙananan littattafai da jaridu cikin Hausa. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin malamin firamare ya ƙaro ilmi yana kan aikinsa. A 1980 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda aikinta ya kai har hukumar UNESCO ta ba ta lambar yabo. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa kuwa an kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka sake farfaɗo da ita a 2002. Kada kuma mu manta da rediyo da kaset, domin iyayenmu da yawa sun sami karatu mai yawa daga tafsirin da ake sakawa a Rediyon Kaduna da watan azumi, suna zaune a kan tabarma a gidajensu. Ashe kunnen Bahaushe ya daɗe da sabawa da ɗaukar darasi daga malamin da ba ya gani.

Abin da zamani ya ƙara

To, mene ne sabo? Abu uku ne, watau yawa, da sauri, da kuma kyauta. A 2001, shekarar da jami'armu ta buɗe, jami'ar MIT ta Amurka ta ba da sanarwar za ta saka kayan koyarwarta a intanet kowa ya ɗauka ba ko kwabo, kuma a yau taskar nan mai suna OpenCourseWare tana ɗauke da kayan kwasa-kwasai fiye da 2,500. A 2003 manyan cibiyoyin fasaha na ƙasar Indiya suka haɗa kai suka fara shirin NPTEL, wanda ya ɗauki laccocin injiniya da kimiyya masu ɗimbin yawa, ana samunsu kyauta a YouTube. A 2011 malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe wa duniya darasinsu na Jami'ar Stanford a kan ƙirƙirarriyar basira, mutum wajen 160,000 suka yi rajista. Shekara ta zagayo, a 2012, aka kafa Coursera, jami'o'in Harvard da MIT kuma suka kafa edX.

Ma'anar wannan ga ɗalibin Wudil ita ce, Farfesa Gilbert Strang, wanda ya shafe fiye da shekara 60 yana koyar da lissafi a MIT har ya yi laccarsa ta ƙarshe a 2023 yana da shekara 88, yana cikin aljihunka in kana so. In ya yi sauri ka tsayar da shi, in ba ka gane ba ka mayar da shi baya sau goma, ba zai gaji ba, ba kuma zai yi fushi ba. Mai sha'awar ilmin kwamfuta yana da darasin CS50 na Jami'ar Harvard daga farko har ƙarshe. Malamin gona da ke aiki da masu noman rani a bakin kogin nan namu zai sami laccocin ban ruwa da na kimiyyar ƙasa daga Indiya, inda zafi da ƙarancin ruwa suka yi kama da namu. Abin da magabatanmu ke jira wata guda gidan waya ya kawo, yau yana sauka a wayar hannu kafin shayi ya huce.

Mun kuma ga ranar wannan hanya. A 2020 annobar korona ta rufe makarantu, yajin aikin malaman jami'o'i kuma ya ɗauki wajen wata tara. A 2022 wani yajin aikin ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ɗalibai dubu ɗaruruwa suka zauna a gida wata da watanni, kuma da aka koma aji an ga bambanci tsakanin wanda ya riƙe karatu da wanda ya sake shi.

Masu shiga da yawa, masu sauka kaɗan

Yanzu sai mu zo ga inda gizo ke saƙar. Daga cikin mutum 160,000 da suka shiga darasin nan na Stanford, wajen 23,000 ne suka gama, kuma wannan ma abin yabo ne in an kwatanta da abin da ya biyo baya. A 2019 mujallar Science ta buga binciken wasu masana biyu na MIT, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente, waɗanda suka duba bayanan masu koyo fiye da miliyan 5 a kwasa-kwasan Harvard da MIT na edX daga 2012 zuwa 2018. Sun gano cewa kusan rabin masu rajista ba su ko buɗe darasin ba. A shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kimanin mutum 3 ne cikin 100 suka kai ƙarshe. Bugu da ƙari, mafi yawan masu amfana daga ƙasashe masu arziki suke, watau abin da aka yi fata zai cike ramin da ke tsakanin mai shi da mara shi, sai ga shi mai shi ne ya fi kwasa.

Me ya jawo haka? Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa gwadawa. Abin da aka samu kyauta, barinsa ma kyauta ne. Babu malamin da zai kira suna, babu abokin da zai tambaye ka ina ka kwana, babu ranar jarrabawa da za ta hana ka barci. Daɗin daɗawa, wayar da ke ɗauke da laccar ita ce ke ɗauke da WhatsApp da TikTok da sakamakon ƙwallo, kuma waɗannan an gina su ne musamman domin su riƙe ido. Sai kuma babban tarko, watau kallo yana kama da koyo. In gwanin malami yana warware lissafi a allo, mai kallo yakan ji kamar ya iya, sai an ba shi farar takarda da alƙalami sannan gaskiya ta fito. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna da gwaji cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa cikin kwanaki kaɗan in ba a maimaita shi ba. Binciken masana na baya-bayan nan kuma ya tabbatar cewa ƙoƙarin tuno abu da ka ya fi sake karanta shi kafa shi a ƙwaƙwalwa.

Darasin zaure

To, 'yan'uwa, a nan ne muke cewa maganin yana gida. Ku dubi makarantar ilmi ta zaure, wadda har gobe tana nan a Wudil da Gaya da Garko da cikin birnin Kano. Bayan sallar Asuba ko tsakanin Magariba da Isha za ka ga tela da ɗan kasuwa da mahauci da tsohon ma'aikaci sun kewaye malami, kowa da littafinsa. Ba a biyan kuɗin makaranta, ba a kiran suna, ba a jiran takardar neman aiki, amma mutum yakan yi shekara ashirin yana zuwa, furfura ta same shi a nan. Ke nan karatun zaure kyauta ne kamar na intanet, amma shi ana sauke littafi. Mun duba mun ga abu huɗu ne ke riƙe da shi.

Na farko, littafi ɗaya a lokaci ɗaya, kuma bisa tsari. Ɗalibi yakan fara da Ƙawa'idi, ya wuce Ahlari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sannan Risala, kuma ba a jin wanda ya tsallake ya faɗa Muhtasar a makonsa na farko. Mu kuwa a intanet sai mutum ya yi rajistar kwas biyar a dare ɗaya, ya ɗanɗani wannan ya ɗanɗani wancan, ya tashi ba ko ɗaya a hannu. Ka zaɓi kwas ɗaya wanda ya dace da matsayinka da bukatar aikinka, ka yi alkawari da kanka ba za ka taɓa wani ba sai ka sauke shi.

Na biyu, lokaci tsayayye. Ɗalibin zaure ba ya cewa zai je in ya sami sarari, domin ya ɗaure karatunsa a jikin salla, abin da ba ya tashi. Mu ma sai mu ɗaure namu a jikin wani abu da muke yi kullum. Rabin awa a rana ya kai awa 182 a shekara. Darasin lissafin Farfesa Strang da ya fi shahara laccoci 30 ne da 'yan kai, kowace ba ta cika awa ɗaya ba. Ashe mai ba da rabin awa kullum yana iya sauke irin wannan darasi tare da aikace-aikacensa, har ya ɗora wani, kafin shekara ta zagayo. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, biyawa. A zaure ɗalibi ne ke jan baƙi da bakinsa malami yana fassara yana gyara, kuma ba a ƙara masa sabo sai an tabbata na jiya ya zauna. Wannan shi ne abin da mai kallon lacca ya rasa. Saboda haka duk laccar da ka kalla, ka kife wayar, ka ɗauki takarda ka rubuta abin da aka faɗa da ka, sannan ka yi aikin da aka bayar kafin ka leƙa amsa. Kwasa-kwasan MIT da na NPTEL da yawa suna zuwa da tambayoyi da tsofaffin jarrabawa, kuma a cikinsu karatun yake.

Na huɗu, abokan karatu. In ɗalibin zaure ya yi fashin kwana biyu, wani zai biya ta shagonsa ya ce, lafiya ba mu gan ka ba? Wannan 'yar tambaya ta fi kowace manhaja ƙarfi, domin kunyar idon abokai tana tayar da mutumin da ƙararrawar waya ta kasa tayarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawararmu

Bisa ga wannan, muna ba da shawarar a kafa ƙananan zaurukan karatu na mutum biyar zuwa bakwai, a ɗakunan kwanan ɗalibai, da ofisoshi bayan tashi, da unguwanni. Kowane zaure ya zaɓi kwas ɗaya, ya tsayar da zama biyu a mako. Kowa ya kalli laccar a gidansa, ranar zama kuma a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya tashi ya biya darasin da Hausa ba tare da duba takarda ba, saura su gyara masa, sannan a warware tambayoyin tare. A ajiye littafi guda na rubuta wanda ya zo da inda aka tsaya. Ranar da aka kai ƙarshe a yi 'yar walimar sauka ko da ta shayi da burodi ce, domin abin da aka girmama shi ake maimaitawa.

Mun ce a biya da Hausa, kuma da gangan muka faɗa. Wanda ya iya bayyana yadda wutar lantarki ke gudana a waya, ko yadda kuɗin ruwa ke ninkuwa a kan bashi, da harshen da kakarsa za ta gane, shi ne ya fahimta. Wanda kuwa bai iya ba sai da kalmomin Turancin da ya haddace, to, akwai sauran aiki a gabansa. Kowane zaure ya tanadi littafin kalmomi, duk kalmar fannin da aka ci karo da ita a rubuta yadda aka fassara ta. Kayan OpenCourseWare suna ƙarƙashin lasisin da ya halatta a kwafa, a fassara, a rarraba, muddin an ambaci masu shi, ba a sayar ba, kuma an bar wa wasu irin wannan dama. Ke nan babu abin da ya hana ɗaliban Wudil su mayar da darasin lissafi ko na kimiyya cikin Hausa, su ɗauki murya, ya kai ga makanike da mai gyaran waya da mai haɗa sola waɗanda Turanci ya tsaya musu a gaba.

Matsalolin da ke gabanmu

Ba za mu ɓoye cewa kyautar nan tana da kuɗi a ƙasarmu ba. Laccar kyauta ce, amma data ba kyauta ba ce, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Wutar lantarki kuma kowa ya san halinta, ga kuɗin caji a shago. A nan ma zaure yana da amfani. Mutum ɗaya ya sauke laccocin mako da ƙaramin hoto, wanda ke cin data kaɗan, ya tura wa saura waya zuwa waya ko a katin memori, a raba kuɗin bakwai. Laccar da ba ta dogara da allo ba, kamar ta tarihi ko tattalin arziki, muryarta kaɗai ta wadatar, ana iya saurarenta a mota tsakanin Wudil da Kano. Wanda saurin Turancin malamin ya dame shi, ya kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan hoto, ya kuma rage gudun maganar.

Sai maganar takardar shaida. Gaskiya ita ce yawancin dandalin nan kallo ne kyauta, takarda kuwa sai an biya, sau da yawa da dala, kuma tsarinsu yana canzawa daga lokaci zuwa lokaci. Ko an same ta, ba ta zama digiri ba a idon hukumar ɗaukar ma'aikata. Mai bukatar digirin da hukuma ta sani yana daga gida, ga jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, ga kuma cibiyar koyo daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello. Laccar kyauta kuwa ribarta iyawa ce. Akawun da ya koyi sarrafa lissafin albashi a kwamfuta ya gama cikin awa biyu abin da ke cin kwana uku, aikinsa ne zai yi masa shaida. A kuma yi hattara da 'yan damfara masu tallar kwas ɗin da zai mayar da mutum attajiri cikin mako guda. A duba sunan jami'a da na malami kafin a ba da lokaci, balle kuɗi.

Haka nan dole mu faɗa da babbar murya cewa waya ba ta maye gurbin ɗakin gwaji. Ba a koyon walda ko auna fili ko ɗinke rauni da kallo. Kada wani mai mulki ya ji wannan jawabi ya ce tunda ilmi ya koma intanet an huta da gina ɗakunan gwaji da biyan malamai haƙƙinsu. Laccar kyauta ƙari ce a kan jami'a mai rai, kuma ɗalibin da ya sami tushe mai kyau a aji shi ya fi cin moriyarta.

Akwai kuma waɗanda wannan hanya ta fi kowa yi wa rana, watau 'yan'uwanmu mata da aure ko reno ya tsayar da karatunsu bayan sakandare. Da yawansu suna da waya, suna da basira, abin da suka rasa shi ne abokiyar karatu da mai nuna hanya. Muna kira ga ɗalibai mata su ɗauki aikin jaji, kowace ta nemi mata uku ko huɗu a unguwarsu ko cikin danginta, ta kai musu darasi a memori, ta zauna da su sau ɗaya a mako. Muna kuma roƙon magidanta su ba da goyon baya, domin uwar da ke karatu ita ce makarantar farko ta 'ya'yanta.

Kiranmu

Daga ƙarshe muna da roƙo uku. Ga shugabannin ƙungiyarmu, a naɗa ƙaramin kwamiti da zai tattara laccocin da suka dace da kowane sashe a ma'ajiya guda, yadda ɗalibi zai zo da wayarsa ya kwafa ba tare da ya kashe data ba, a kuma buɗe wannan ƙofa ga matasan gari. Ga malamanmu, ranku ya daɗe, ku taimake mu da zaɓi, domin ɗalibi ba ya sanin wane kwas ne Ahlari wane ne Muhtasar sai wanda ya riga shi ya nuna masa, kuma in da hali wani ya leƙa zaurukan nan ko sau ɗaya a wata. Ga yayyenmu ma'aikata, kowa ya dubi aikin da ke kan teburinsa, ya tambayi kansa wane abu ɗaya ne in ya iya shi jama'a za su rage jira a ƙofar ofishinsa, sannan ya nemi abokan aiki huɗu su fara a wannan wata.

Magabatanmu sun yi karatu da fitilar kwai da ambulan ɗin gidan waya, jajin Nana Asma'u sun taka sayyada daga ƙauye zuwa ƙauye domin darasi guda. Mu da aka kawo wa malaman duniya har cikin ɗaki, ba mu da hanzari. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi, mu kuma muna ƙarawa da cewa digiri ma kada ya hana shi.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu juriyar sauke abin da muka ɗauko.